Kogo a Jikin Ganga

Tun da na san Baba da hannu ɗaya yake aiki. 'Yar gudumarsa a dama, hagun kuma a bayansa, kamar mai zagayen duba gona. Shi ya sa ran da na zo wucewa ta rumfar dubawa na ga tafin hannunsa na hagu a shimfiɗe jikin ganga, sai da na rage tafiya. Yana ƙwanƙwasawa yana jan tafin yana bin gudumar. Na ce a raina ko ƙura yake sharewa, na wuce ɗakin gwaji.

Ganga muke ce musu a masana'antarmu, amma ba ta kiɗa ba ce, ba kuma ta mai ba. Doguwar silinda ce, ba gindi ba murfi, faɗinta ya isa mutum ya rarrafa a ciki. Da zaren gilashi da gam ake yin ta. A shimfiɗa falle ɗaya zarensa ya bi tsawo, a shafe shi da gam, a ɗora wani zarensa ya karkata dama, wani ya karkata hagu, haka har a gama, kuma duka kaurin bai kai na ƙaramin yatsa ba. Idan ta bushe mutum biyu za su ɗauke ta suna hira. Amma in aka tsayar da huɗu, za su riƙe tankin ruwan unguwa guda a sama.

Sai dai ƙarfin nan nata yana da sharaɗi. A jami'a malaminmu ya taɓa sa wani ƙato a ajinmu ya hau gwangwanin lemo da ƙafa ɗaya. Gwangwanin ya riƙe shi. Malam ya sunkuya ya ɗan taɓa gefensa da bakin biro, nan take ya lotse ya zama faifai. Haka ganga take. Muddin fallayen suna manne da juna, kowane yana tallafar ɗan'uwansa. In aka samu wuri ɗaya da gam bai kama ba, falle ya rabu da falle, to nan ne bakin biron. Wannan wurin muke kira kogo. Ido ba ya ganinsa, don daga waje sumul take.

Aikin Baba ke nan, neman kogo. Yana bin ganga daga sama har ƙasa da 'yar gudumar tagulla. Lafiyayyen wuri yana amsawa da siririn ƙara mai ɗan ja, kogo kuwa amsarsa a daƙile take, kamar an buga jiƙaƙƙen katako. In ya samu kogo sai ya zagaye shi da alli, in ganga ta tsira ya ja mata gajerun layuka biyu. Babu mai kiran sunansa a wurin. Daga maigadi har Manaja, Mai Kunne suke ce masa. Ni kuma da na gama karatu aka ɗauke ni ɗakin gwaji, sai na zama 'yar Mai Kunne, Dogo kaɗai ke ce mini Injiniya, shi ma don tsokana.

Dogo ne ke tuƙa injin matsi. A kowane rukuni mukan zaɓi ganga ɗaya mu tsayar da ita tsakanin farantan ƙarfe biyu, a yi ta danna ta har ta karye, ni ina karanta nauyin a allon kwamfuta. Akwai jan layi a allon. Lafiyayyar ganga sai ta wuce shi sannan ta fara ƙas-ƙas kamar ana taka busasshen ganye, daga nan ta yi ƙara ɗaya, jikinta ya loɓa gida-gida kamar idon raga.

Ta ranar ba ta yi ƙas-ƙas ba. Nauyin ya ɗan wuce rabin hanya ke nan sai muka ji dum, gefe ɗaya ya faɗa ciki, gangar ta karkace kamar wadda aka tokara a gwiwa.

Dogo ya kashe injin ya tsaya yana kallonta.

"Injiniya, wannan ko karyawa ba ta yi ba aka kawo ta aiki?"

Ban yi dariya ba. Ya leƙo fuskata.

"Ko allonki ne ya fara ƙarya? Na ga kwana biyu kina ba shi shayi."

"Allon lafiyarsa ƙalau," na ce.

"Me kika ce? Ke dai in kina magana sai mutum ya rantse addu'a kike yi."

Na sa ya yanko mini wurin da ya fara lotsawa. Da na juya yankin a ƙarƙashin fitila, fallayen ciki sun rabu, bakin wuƙa ya shige ba tare da na tura ba. Faɗin wurin ya kai tafin hannu. A fatar waje, sama kaɗan da shi, ga layukan alli biyu.

Babban Injiniya ya sauko da kansa. Mutum ne mai sanyin hali, gilashinsa kullum a goshi. Ya juya yankin ya sake juyawa.

"Mai Kunne ya wuce da ita, ke nan lokacin ba kogo," ya ce. "Ina ga a cikin injin ta buɗe. Da ta lotsa ne fallen ya yage. Ko kuma sabon gam ɗin nan ne ba ya riƙo. Ke me kika gani?"

Na san abin da na gani. Fallen da ƙarfi ya yaga, fuskarsa gashi-gashi take, zare ya tsinke ya bar saura a jikin ɗan'uwansa. Wannan kuwa fari ne fat, sumul, a bushe. Gam bai taɓa zuwa wurin ba. Da kogon aka haife ta.

"Zan sake dubawa, Yallaɓai," na ce.

"Duba da wuri. Sauran 'yan'uwanta suna fili, ƙarshen mako mota za ta kwashe su."

Da yamma muka koma gida tare da Baba kamar kullum, shi a gaba ni ina binsa. A falo Auta na kwance tana karatu, yatsunta a kunne, talabijin na ta ihu. Na daɗe ina jin ƙarar nan a gidanmu, ban taɓa tambayar kaina yaushe ta fara ba. Baba ya zauna ya cire takalmi. Na tsaya a bayan kujerarsa.

"Baba, in kawo maka ruwa?"

Bai juyo ba. Na zagayo gabansa na maimaita. Idonsa ya sauka a bakina.

"Kawo mana, Uwata. Ke dai wannan magana ciki-ciki taki ban san inda kika gado ta ba. Ga uwarki can, in ta yi tari maƙwabta sai sun ce sannu."

"Ina jin ka," Inna ta ce daga kicin.

Wannan ya ji, ya yi dariya.

Na sami Inna tana yanka albasa. Na ɗauki wuƙa na kama mata, na jima ina neman bakin zaren.

"Inna, kunnen Baba..."

Ba ta ɗago ba.

"Sai yau kika sani? Ke da kuke wuni wuri ɗaya."

"Tun yaushe?"

"Ya jima. Murya mai kauri yana ji. Siririya ce ta ɓace masa. Buta ta yi ta fito a gabansa har ruwan ya ƙone. Rannan wayarsa na kuka a aljihunsa yana tambayar Auta me take kallonsa."

"Ya je asibiti?"

"Je ki ce masa ya je. Ni na faɗa, ya ce datti ne, ya sayo auduga."

Na ajiye wuƙar. Na gaya mata abin da ya faru a ɗakin gwaji, da farin wurin, da layuka biyun. Na ce mata siririn ƙaran nan da ya ɓace masa shi ne aikin gaba ɗaya. Ta saurara har na gama, sannan ta share ido da gefen zane, ban sani ba ko albasar ce.

"Wa kika gaya wa?"

"Ba kowa."

"To bar shi haka. Mutumin nan ba shi da komai sai kunnen nan. Ba ya zaman majalisa, ba ya kallon ƙwallo. In an ce Mai Kunne har tafiyarsa canzawa take. Ki bar shi ya ajiye da kansa."

"Inna, tanki za a ɗora a kansu. A ƙarƙashinsa mata ke jera bokitai."

Ta juya ga murhu. Mai ya fara ƙauri a tukunya, ta zuba albasar.

"To ki gyara abin ba tare da kin ambace shi ba. Ba irin wannan dabarar kika je jami'a koyo ba?"

Washegari lokacin hutun rana, da fili ya yi tsit, na fita inda gangunan suke jere a kan katakai. Ba ni da guduma, da ƙaramar sifanar kwance noti na zo. Tun ina firamare Baba yakan zo da ni ranar da ba makaranta, ya rufe mini ido da tafinsa ya ƙwanƙwasa, ya ce in faɗa. In na canka ya saya mini alewa, in na kuskure ya ce kunnen uwata na ɗauko. Ban kai shi ba ko kusa, amma babban kogo ba ya wuce ni.

Ta farko ta amsa lafiya. Ta biyu ma. A ta uku, kusa da tsakiyarta, sifanar ta faɗa a kan wani wuri da ya ce ɓus. Na matsa gefe, ƙaran ya dawo. Na koma, ɓus. Layukansa biyu na nan a bakinta, a tsaye tsaf. Akwai alli a aljihuna. Na taɓa shi na bar shi. In na zagaye wurin, kowa ya san ba zanen Baba ba ne, kuma za a tambayi wanda ya yi.

Sai na hau sama wurin Babban Injiniya da dabarar da na kwana ina saƙawa. Na ce masa ina ganin kada a saki rukunin nan sai an kawo na'urar da ke leƙa cikin falle, ko da aro ne daga jami'a. Na ce don a tabbatar da maganar gam ɗin. Ban ambaci rumfar dubawa ba.

Ya sauke gilashinsa daga goshi ya sa.

"Shawara ce mai kyau, kada su fita haka. Amma na'urar can kafin a rubuta takarda a amsa, masu tankin sun cinye mu ɗanye. Kuma me ya kai mu aro? Ga Mai Kunne a gida. Gobe kafin a loda ya sake bin su ɗaya bayan ɗaya, ina tsaye. In gam ɗin ya saki bayan ya duba, zai ji."

"Yallaɓai, da dai na'urar..."

"Kada ki damu, ba zai ji haushi ba. Zan ce dokar Manaja ce."

Na sauko matakalar ina riƙe da ƙarfen gefe. Abin da na je kaucewa shi na kira da bakina.

A hanyar gida na yi niyyar gaya masa. Na shirya kalmomin tun daga bakin ƙofa. Amma titi cike yake da motoci, in zan yi magana sai na ɗaga murya a cikin mutane, kuma shi yana ta ba ni labarin wani sabon ma'aikaci da ya manne takalminsa da gam. A gida ma ban iya ba. Inna ta dube ni sau ɗaya ta kau da kai.

Da safe motar ta zo ta juya baya ta tsaya a fili. Masu shimfiɗa fallaye sun fito daga ɗakinsu da safar hannu don su taya lodi, Dogo ya haye kan wani akwati yana cin burodi. Baba ya fito daga rumfarsa yana goge gudumar da hankici.

"Wai an ce in sake?" ya ce. "To Allah ya sa ba cewa za a yi in sake auren uwar 'ya'yana ba, don wannan sau ɗaya ya ishe ni."

Aka yi dariya. Babban Injiniya ya matsa kusa da shi, ya ce dokar sama ce.

"Na sama ai ba sa laifi," Baba ya ce.

Ya fara da ta farko. Tafin hagu ya sauka a jikinta, gudumar ta bi. Yanzu na gane abin da yake yi. Rawar jikin gangar yake nema da fatar hannunsa, tunda kunnen ya daina kawo masa. Amma rawar kogo ƙarama ce, tafi ba ya kama ta, kuma nauyin hannun ma danne ta yake. Ya gama, ya ƙara layi biyu kusa da na da. Ta biyu ma haka, ya kama ta uku. Ƙaran yana tashi siriri a filin, kowa na jin sa.

"Ku saurara ku koya," Dogo ya ce wa masu shimfiɗa. "Ku da ko ƙararrawar tashi ba kwa ji sai ta cin abinci. Ni da a ce ina da kunnen nan, da tuni na san abin da surukata ke faɗa a kaina in na..."

Ɓus.

Dogo bai ƙarasa ba. Gudumar ta sake sauka a wurin, ɓus, sannan ta wuce gaba, ƙaran ya dawo. Baba bai tsaya ba. Ya bi gangar har ƙarshe da natsuwarsa, ya sa hannu a aljihu ya ciro alli.

Babu wanda ya motsa. Ɗaya daga cikin masu shimfiɗa ya sunkuyar da kai yana kallon safar hannunsa. Direban motar kaɗai, da bai san komai ba, yake ta danna wayarsa.

Baba ya kai allin bakin gangar, sai ya dakata. Ya daɗe yana karanta fuskokin mutane a madadin muryoyinsu, ya ƙware. Ya dubi Dogo, burodin na hannunsa a tsaye. Ya dubi Babban Injiniya. Sannan ya nemo ni a bayan mutane.

"Uwata, me ya faru?"

Na matso.

"Akwai kogo, Baba."

"Me?"

Kaina a ƙasa yake, bai ga bakina ba. Na ɗago.

"Kogo ne."

"Ɗaga murya mana. Kullum ina gaya miki."

A rayuwata ban taɓa ɗaga murya a gaban mutane ba. A aji ma in na san amsa a takarda nake rubuta wa ta kusa da ni. Na ja numfashi.

"Na ce akwai kogo, Baba. A tsakiya. Ka wuce shi."

Maganar ta fita da ƙarfin da ban san ina da shi ba, ta shiga bakin gangar ta fito ta ɗaya gefen. Har direban ya ɗago.

Baba ya tsaya yana kallona. Bai yi fushi ba, da ma ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya koma tsakiyar gangar. Ya dubi hannunsa na hagu, ya ɗauke shi daga jikinta ya mai da shi baya, yadda na san shi. Ya sunkuya har kunnensa ya kusa taɓa ta, ya ƙwanƙwasa. Ƙaran ya tashi siriri, lafiyayyen wuri ne.

"Nan?" ya ce.

Na girgiza kai. Na kama wuyan hannunsa na matsar da shi kamar taƙi ɗaya. Rabon da in riƙe hannunsa tun ina ƙarama. Ya buga. Ɓus. Ya matsa gefe ya buga, ya dawo ya buga, ya sake matsawa. Idonsa ba a kan gangar yake ba, a fuskata yake, yana neman bambancin a can. Ya yi haka har sai da na kasa kallonsa.

Ya miƙe. Ya goge layuka biyun farko da babban yatsa. Ya sa allin ya zagaye wurin, zagaye mai kyau, a rufe, irin wanda duk masana'antar ta sani.

Babban Injiniya ya yi gyaran murya. Ya ce wa direba ya yi haƙuri yau ba lodi, ya ce wa masu shimfiɗa su mai da gangunan ciki gaba ɗaya, har da na rukunin da ya wuce in akwai saura. Mutane suka ji daɗin samun abin yi, kowa ya kama gefe. Dogo ya sauko daga akwatin ya ɗauki bakin wata shi kaɗai.

"Baba," Babban Injiniya ya ce a hankali, "mu je ofis mu zauna tukuna."

Ban sani ba ko bai ji ba ne. Ya riga ya juya ya nufi rumfarsa.

"'Yar Mai Kunne," wani ya kira ni, sai ya ji abin da ya faɗa, ya yi saurin cewa, "Injiniya, ina za mu jera su?"

Na nuna musu bangon ɗakin gwaji. Na tsaya ina ƙirga masu shiga, ina gaya musu kada su jingina su da kaifin ƙarfe. Ta tsakanin kafaɗunsu ina hango rumfar. Baba ya goge gudumar da hankici, kai da ƙota, ya ajiye ta a tsakiyar tebur. Ya ciro guntayen alli daga aljihu ya jera kusa da ita. Ya cire rigar aiki ya rataye a ƙusarta, ya gyara mata wuya. Ya ɗauki hularsa.

Bai bi ta fili ba. Ya zagaya ta bayan ɗakin gam, inda ƙaramar ƙofa take. Maigadi ya miƙe yana masa magana, ina ganin bakinsa na motsi. Baba ya ɗaga masa hannu, ya buɗe ƙofar ya fita, ya ja ta a hankali har ta rufu.